Sai Yaro Ya Taɓa da Hannunsa: Sharhi Kan Gasar Ƙera Mutum-mutumi a Makarantu

  Iyayenmu mata da ke tsakar gida, malamai da suka taso daga makaranta, direbobi da ke kan hanya, da ku yara manyan gobe da kuka matso kusa da rediyo, duk ina yi muku fatan alheri.

Yau maganarmu a kan wata gasa ce da 'yan makaranta ke yi a ƙasashe da dama. Gasar ƙera mutum-mutumi. Kada zuciyarku ta tafi wajen irin na fim, mai kai da ƙafafu, mai magana kamar ɗan Adam. Yawancin na gasar nan 'yar na'ura ce mai tayoyi, girmanta bai wuce kwali ba, wani lokaci kuma ta kai girman ƙaramin firji. Tana da hannu ɗaya na ƙarfe ko na roba, da batir, da 'yar kwamfuta da ake shirya wa umarni. Yara ne ke zana ta. Su ke haɗa ta. Su ke rubuta mata umarnin. Sannan su kai ta fili ta kara da ta wasu.

Abin da nake so mu riƙe daga farko zuwa ƙarshe shi ne wannan: yaro ba ya sha'awar zama injiniya don an yi masa wa'azi a kan muhimmancin kimiyya. Sai ya taɓa da hannunsa. Sai ya haɗa abu, abin ya ƙi aiki, ya kwance, ya sake haɗawa. Wannan shi ne amfanin gasar, kuma shi ne abin da makarantunmu suka fi rashi.

Bari mu fara da yadda ake yin ta.

Masu shirya gasa sukan fitar da wani aiki. Misali a ce: ga ƙwallaye masu launi biyu a warwatse a fili, muna son na'urarku ta tsince su, ta ware kowane launi, ta zuba a kwandonsa. Kowace ƙungiya sai ta koma makarantarta, a ba ta 'yan makonni. Ranar gasa, kowace karawa ba ta wuce 'yan mintoci ba. A wani ɓangare na lokacin na'urar ce ke tafiya da kanta bisa umarnin da aka rubuta mata, babu mai taɓa ta. A sauran lokacin yaro ne ke sarrafa ta daga gefen fili.

To ku dubi abin da ke faruwa a waɗannan makonni. Yara sun haɗa na'ura, sun rubuta mata umarni ta miƙe sambal. Aka ajiye ta a ƙasa, sai ta riƙa karkata hagu. Me ya faru? Ɗaya ya ce umarnin ne ba daidai ba. Aka duba, daidai yake. Wata ta durƙusa ta juya tayoyin da yatsa, ta ce na hagu ya fi tauri, an ɗaure shi da yawa. Aka sassauta. Ta miƙe. Murna ta kaure. Aka ɗora mata hannun ɗaukar ƙwallo, sai ta kife da fuska, domin gaba ya fi baya nauyi. Aka mayar da batir baya. Ta tsaya da kyau. Bayan gwaji goma sai ta fara tafiyar hawainiya, ashe batir ya yi sanyi, kuma duk lissafin da aka yi da cikakken caji ya rushe.

Jama'a, a cikin wannan yammaci ɗaya, yaran nan sun karanta darasin gogayya, da darasin rarraba nauyi, da darasin wutar lantarki. Babu wanda ya rubuta musu a allo. Kuma ranar da malamin fiziks ya zo wannan babi, ba za su yi hamma ba, domin sun riga sun sha wuya a hannunsa.

Yanzu mu juya ga tarihi kaɗan. Daga ina abin ya samo asali?

A Amurka akwai wani mai ƙirƙira, Dean Kamen. Ya lura cewa yaran ƙasarsu kowa ya san sunayen 'yan wasan ƙwallo da mawaƙa, amma da wuya ka sami wanda zai ambaci injiniya ɗaya mai rai. Sai ya ce, tunda gasa da tafi da kofi su ke jan hankalin matasa, me zai hana a ari wannan salo a kawo wa kimiyya? A 1989 ya kafa wata ƙungiya mai suna FIRST. A 1992 aka yi gasar farko a ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare a garin Manchester da ke jihar New Hampshire. Ƙungiyoyi 28 kacal suka shiga. Yau dubban ƙungiyoyi ne a faɗin duniya. Abokin aikinsa a wannan tafiya shi ne Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT, wanda tun a shekarun 1970 yake raba wa ɗalibansa jakar tarkace, ya ce kowa ya ƙera na'urar da za ta doke ta ɗan'uwansa.

Akwai wata dabara a tsarin gasarsu da take burge ni. Ba a kara ƙungiya ɗaya da ɗaya. Ana haɗa ƙungiyoyi uku a gefe guda, uku a ɗaya gefen, kuma ana sauya su. Wanda kuka fafata da shi da safe, da rana abokin tafiyarka ne. Don haka idan na'urarsa ta lalace, kai ma asararka ce. Shi ya sa za ka ga yaro ya ruga da sifana da sukudireba zai gyara wa abokin hamayyarsa. Wannan tarbiyya ce, kuma ba kowane filin wasa ake samun irinta ba.

A Japan ma akwai tasu hanyar, kuma tana da alaƙa da mu masu aikin watsa labarai. Wani farfesa, Masahiro Mori, ya ga ɗalibansa sun gaji da darasin baki. Sai ya ba su aiki: su ƙera abin hawa da zai ɗauki mutum da batir biyu irin na tocila. Ajin ya farfaɗo. A 1988 tashar NHK ta ɗauki wannan tunani ta mayar da shi gasar kwalejojin fasaha, tana nunawa a talabijin. Daga 2002 ƙungiyar tashoshin watsa labarai ta yankin Asiya ta faɗaɗa gasar zuwa tsakanin ƙasashe, har aka taɓa yin ta a Alƙahira a 2010. Abin lura a nan shi ne, gidan watsa labarai ne ya ɗauki nauyin sa yara a gaban jama'a. Wannan tuni ne gare mu da ke cikin wannan ɗaki.

Wani zai ce, ai wannan duk labarin ƙasashen da suka ƙoshi ne. To bari mu matso.

A watan Yulin 2017 aka yi wata gasa a birnin Washington wadda aka gayyaci ƙungiya ɗaya daga kowace ƙasa. Ƙasashe fiye da 150 suka amsa. Kowa aka aika masa da kaya iri ɗaya, don kada mai kuɗi ya rinjayi maras shi. Aikin da aka ba su yana nuni ne da matsalar ruwan sha: a ware ƙwallayen da ke matsayin ruwa mai tsabta daga na gurɓatacce. Cikin mahalarta akwai 'yan mata shida daga garin Herat na Afganistan. Sau biyu suna yin doguwar tafiya zuwa Kabul neman biza, sau biyu ana hana su. Kayan aikinsu ma sun makale a kwastan, har ya rage musu kamar mako biyu na haɗawa, alhali wasu sun yi watanni. Sai da duniya ta yi ca, sannan aka bar su suka shiga. Yaran Gambiya ma haka aka fara hana su, daga baya aka ba su. 'Yan matan Herat ɗin sun koma gida da lambar yabo ta jarunta. Kuma lokacin annobar korona a 2020, 'yan ƙungiyar suka zauna suna ƙera samfurin na'urar taimaka wa numfashi da kayan tsohuwar mota.

Mu ƙara matsowa. Akwai wani ɗan Ghana, Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, injiniya a hukumar sararin samaniya ta Amurka. Shi ya jagoranci aikin hannun na'urar InSight da ta sauka a duniyar Mars a 2018. Bai manta gida ba. Ya kafa wata gidauniya da ke koya wa 'yan sakandaren Ghana wannan fasaha, tana shirya musu gasa. A 2019, 'yan matan makarantar Methodist da ke garin Mamfe suka je jihar Michigan, suka zo na ɗaya a rukunin manya na gasar duniya da ake kira Robofest. A Senegal kuwa, Dakta Sidy Ndao, wanda ya yi koyarwa a wata jami'a a Amurka, ya kafa gasar nahiyar Afirka a Dakar, yara daga ƙasashe daban-daban suna haɗuwa. A Najeriya ma ana yi, ƙungiyoyi na fita waje suna wakiltar ƙasa, kuma a 2020 gwamnati ta buɗe cibiyar fasahar mutum-mutumi a Abuja.

Ga tambaya ta gaba, kuma ita ce mai nauyi. Shin da gaske gasar tana kai yara ga zama injiniyoyi?

Masu bincike na jami'ar Brandeis a Amurka sun bi sawun ɗaliban da suka shiga gasar FIRST tsawon shekaru, suna kwatanta su da takwarorinsu da ba su shiga ba. Sun gano cewa waɗanda suka shiga sun fi zaɓar injiniyanci da ilimin kwamfuta a jami'a, kuma bambancin ya fi fitowa fili a tsakanin 'yan mata. Mai ja zai iya cewa, ai dama yaron da ke son abin shi ke shiga. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni a ganina ko hakan ma riba ce. Sha'awa nawa ce take mutuwa a zuciyar yaro don ba ta sami inda za ta huce ba? Riƙe wanda yake da sha'awa har ya kai ga gaci, shi ma aiki ne babba.

To yanzu mu dawo gida, domin nan ne maganar ta fi damuna.

Ku tuna yaran unguwa da motar kara. Ku tuna motar langa-langa. Yaro zai tsinci gwangwanin madara, ya yanke tsohon silifas ya yi taya, ya lanƙwasa waya ya yi sitiyari mai tsawo, har tayoyin gaba suna juyawa idan ya murɗa. Wani ya ciro ɗan injin da ke cikin mataccen rediyon kaset, ya haɗa da batir, ya yi fanka. Wani ya sa wa motarsa fitila tana kamawa. Babu malamin da ya koya masa. A wajen yayansa ya gani, ya ƙara nasa.

Me muke ce wa wannan yaro? Mu ce ya cika ɓarna. Mu ce ya tara mana shara a ɗaki. Idan ya kwance rediyon gidan, ya sha bulala. Ya tafi makaranta, a ce ya zana batir da waya a littafi, ya haddace ma'anarsu, ya rubuta a jarrabawa. Yana iya gama sakandare bai taɓa haɗa waya biyu a cikin aji ba. Shi da ya shiga makaranta yana ƙera abu, ya fito yana ba da labarin yadda ake ƙerawa.

Kuma ba baiwa muka rasa ba. Ku je Fanteka a Kaduna ku ga injinan niƙa da na casa da ake ƙerawa daga ƙarafan da wasu suka yar. Ku je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku ga matashi da ɗan ƙarfen liƙi da dalma, yana tayar da wayar da mai ita ya fid da rai. A 2007 wani ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci, har ya ɗaga daga ƙasa 'yan ƙafafu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, tun yana yaro yake zanen motoci, ya girma ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Tun a 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba sa ƙirguwa. Tsofaffin ɗalibai kuma za su tuna ƙungiyar JETS ta matasan injiniyoyi da masana kimiyya. A makarantu da yawa yanzu sunan ne kawai ya rage a takarda.

Ashe abin da babu shi ne fili. Fili da ranar haɗuwa da alƙali da 'yan kallo. Ɗan dambe ma sai ya san akwai dandali da makaɗi sannan yake ɗaure hannu.

Amma bari in faɗi inda nake jin tsoro, domin ba kowace gasa ce alheri ba.

Tsoro na farko, tsada. Akwatin kayan da ake amfani da su a manyan gasannin duniya daga waje ake sayo shi, da dala. Ga kuɗin rajista, ga kwamfuta, ga tikitin jirgi. Idan aka bar abin haka, zai zama wasan 'ya'yan masu hali a 'yan makarantun kuɗi na manyan birane. Yaron ƙauye mai motar kara ba zai ko ji labari ba. Kuma makarantar da ɗalibanta ke zaune a ƙasa, rufin aji na yoyo, idan ka je mata da maganar mutum-mutumi, shugaban makarantar zai dube ka ne kawai. Yana da hujja.

Sai dai ba dole ne a fara daga sama ba. Akwai ɗan allon lantarki da ake kira Arduino, bai kai tafin hannu ba, ana samunsa a kasuwanninmu, kuma manhajar shirya shi kyauta ce. Da shi da ƙananan injina biyu da batir da katako, yara za su haɗa na'ura mai bin layin da aka zana a ƙasa. Tun kafin a kai nan ma, ana iya yin gasar da babu kwamfuta sam. A ce kowace ƙungiya ta kawo motar da za ta ɗauki bulo ɗaya ta haye tudu da batir biyu. Ko a ce wa zai ƙera abin da zai ɗago ruwa daga bokiti zuwa randa. Ku tuna farfesan Japan ɗin nan da batir ɗin tocila ya fara.

Tsoro na biyu ya fi na farko. Shi ne manya su karɓe aikin. Makaranta tana son kofi don talla. Sai a ɗauko wani ƙwararre a biya shi, ya haɗa na'ura tsaf, a koya wa yara inda za su danna. Ranar gasa su sa riga iri ɗaya, a ɗauki hoto da babban baƙo, a buga a allon talla a bakin ƙofa. An ci kofi, yara ba su koyi komai ba, sai dai sun koyi cewa ana iya karɓar yabo a kan aikin wani. Shi ya sa gasa ta ƙwarai take sa alƙalai su zauna da yara su kaɗai, babu malami. A tambaye su: me ya sa kuka sa wannan taya? Me kuka fara gwadawa ya ƙi? A buɗe littafin da suke rubuta gwaje-gwajensu. Wanda ya yi aikin da kansa, bakinsa ba ya rufuwa. Wanda aka yi wa kuwa, nan take ake ganewa. Na fi son na'ura mummuna, karkatacciya, wadda aka ɗaure da robar taya, matuƙar yaran ne suka yi ta. Sai yaro ya taɓa da hannunsa.

Tsoro na uku, a yi gasa a watse. Yarinya ta yi fice, aka tafa mata, aka ba ta kofi da 'yar ambulan. Sai me? Wa zai gaya mata darussan da za ta riƙe don ta sami gurbin karatun injiniya? Wa zai kai ta ta ga yadda ake aiki a masana'anta ko a tashar lantarki? A ƙasashen da abin ya yi tasiri, kowace ƙungiya tana da injiniya na gaske da ke zuwa yana zama da yara bayan ya tashi daga aiki. Sau da yawa wannan zaman shi ke sauya rayuwa, fiye da kofin. Yaro ya ga mutum mai jini da tsoka, mai magana da harshensu, wanda wannan ce sana'arsa, kuma yana ci da iyalinsa da ita.

Na ce yarinya da gangan. Ku lura, labarai biyu mafiya daɗi da na ba ku yau, na 'yan mata ne, na Herat da na Mamfe. A gidajenmu, idan fitila ta lalace, namiji ake miƙa wa. Ita kuwa a ce ta kauce kada wuta ta ja ta. Tun daga nan ake fara rufe mata ƙofa. Makarantun 'yan mata na kimiyya da muke da su sun isa su kafa ƙungiyoyinsu, a cikin harabarsu, da malamansu mata.

To masu sauraro, lokaci ya fara ƙure mana. Ga saƙona gare ku.

Baba, Inna, idan kun ga yaro ko yarinya sun duƙufa kan tarkace, ku ɗan yi haƙuri da sharar. Ku ba su mataccen rediyon nan da ke ƙarƙashin gado. Ku dai gargaɗe su kada su kusanci wutar gida, batir ya ishe su. Idan sun gama, ku tsaya ku kalla, ku tambaye su yadda suka yi.

Malam shugaban makaranta, kada ka jira kaya daga Abuja. Zaɓi ranar Asabar ɗaya a zangon nan. Ka aika wa makarantu biyu ko uku da ke kusa da kai. Ku fitar da aiki ɗaya mai sauƙi, ku ba yara wata guda, ku kira mai gyaran rediyo da mai walda na garinku su zauna cikin alƙalai.

Ku kuma injiniyoyinmu, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da masu hali, kuna iya ɗaukar nauyin akwatin kaya ɗaya da yammaci ɗaya a mako. Ku koma makarantar da ta yaye ku.

Ku kuwa yara, idan abin da kuka haɗa ya ƙi aiki, ku duba batir tukuna, sannan ku bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ku samu littafi ku riƙa rubuta abin da kuka gwada. Idan makarantarku ta shirya irin wannan gasa, ku aiko mana da labari, za mu karanta a wannan fili da sunan makarantarku.